Injin wanke-wanke ko roba biyu da soso: amsa ga ƙanwata mai shirin tarewa

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa ku tare a sabon gida lafiya, ya sa rai aka yi wa. Tambayarki kan ko injin wanke-wanke ya fi wankin hannu tattalin ruwa da wuta ta zo inda ya dace, domin ni na saya na gani, kuma nawa yau shekara biyu ke nan yana sito an ɗora masa buhun masara. Shawarata ita ce kada ki saya. Ki ɗauki kuɗin ki sa fulamba ya kafa miki sinki mai baki biyu da tanki mai kyau, abin da ya rage ki ajiye don wata hidimar.

Masu tallar injin ba ƙarya suke yi ba idan suka ce yana rage ɓarnar ruwa. Na zamani yana wanke kayan cin abincin mutum goma sha biyu da ruwan da bai wuce lita 10 zuwa 12 ba, kuma wani bincike da aka yi a Jami'ar Bonn ta Jamus ya nuna cewa mutanen Turai da aka ba irin wannan tulin kwanukan su wanke da hannu sun kashe sama da lita 100 a matsakaici. Sai dai ki duba da wa aka gwada injin: da mutanen da wasunsu ke sakin famfo yana zuba tun daga cokalin farko har farantin ƙarshe, kuma da ruwan zafi. Mu da muka tashi muna jan guga, muna ƙirga jarkokin mai ga-ruwa, ba haka muke wanke-wanke ba.

Goggona da ta riƙe ni a Tudun Wada, Allah ya jiƙanta, roba biyu kawai take ajiyewa a gindin rijiya, ɗaya ta kumfa ɗaya ta ɗauraya, kuma tana da tsarin da ba ta yarda a saɓa ba. Tukunyar tuwo tun ana kwashewa ake zuba mata ruwa domin ƙanzo ya saki kafin a gama cin abinci. Sauran abinci a kankare wa kaji. A fara da kofuna da cokula tun kumfa tana da tsabta, sai farantai, sai kwanonin miya masu maiƙo, tukwane su zo ƙarshe, a goge bayansu da toka da soson ƙarfe har ki ga fuskarki a jiki. Idan ruwan ɗauraya ya fara gurɓata, sai ta ƙara masa sabulu ya koma na wanki, a ɗebo sabo don ɗauraya, wanda ya gama aiki kuma ya tafi gindin ayaba da zogale. A lokacin ina ganin takura ce, musamman da sanyin asuba. Amma a watan Maris ɗin da ya wuce, da rijiyarmu ta ja baya muka koma sayen ruwa, na gwada tsarinta da gangan: jarka ɗaya mai lita 25 ta wanke mana kayan tuwon dare na mutum tara har da tukwane, kuma an bar ɗan saura a ƙasanta. Ayabar da ke bayan kicin ɗina da wannan ruwan take rayuwa duk rani.

To ki ɗora wannan a kan lita 12 na injin, sannan ki tuna cewa rabin kayan kicin ɗinmu ba sa shiga cikinsa. Matar da ta ƙirƙiro shi, Josephine Cochrane ta jihar Ilinoi a Amurka, wadda ta yi masa rajista a 1886, haushin yadda ake ɓantare mata tangaran wurin wanki ne ya sa ta ƙera shi, kuma otal-otal da gidajen abinci ne suka fara saye. Har yau abin da ya fi iyawa ke nan, tangaran da gilashi da cokula. Tukunyar dalma irin ta kasuwar Panteka ta Kaduna baƙi take yi a ciki saboda kaifin sabulunsa, kuma na rasa guda biyu kafin na gane. Muciya da ludayin duma da ƙwarya da akushi tsagewa suke yi da zafin ruwan, robobi marasa kauri su lanƙwashe, kula kuwa ba a ma sa ta. Ƙanzon shinkafa ba ya jin fesawar ruwa, sai soso. Ke nan bayan kin gama jera farantai a inji, za ki juyo ki tarar da tukwane da kuloli suna jiran hannunki, kin yi aiki biyu kin kashe ruwa biyu.

Maganar wuta ita ce ta fi ba ni wahala. Injin da kansa yake dumama ruwansa zuwa maki 50 har 70 a ma'aunin zafi na Celsius, kuma yayin dumamawar yana jan kusan wat 2,000. Tsarin da ake kira na tattali yana cin wajen yunit ɗaya na mita, wanda ko da farashin naira 225 da aka sa wa 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, a watan Afrilun 2024 ba kuɗin da zai karya mutum ba ne. Matsalar ita ce wannan tsarin yana ɗaukar awa uku ko fiye, kuma yana son wutar ta tsaya har ya gama. Sau nawa na kunna shi bayan isha'i aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, da safe in buɗe ƙarni ya buge ni, miyar kuɓewa ta bushe a jikin farantai, in kwashe su kaf in wanke da hannu. Ƙaramin janareto ba ya iya ɗaukarsa. Babba kuwa, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, babu mai hankalin da zai ƙona fetur na awa uku yana turnuƙe maƙwabta da hayaƙi domin faranti ashirin, sannan ya ce yana kare muhalli. Masu sola ma sai da rana tsaka suke iya kunna shi, domin da dare batir yake zuƙewa. Wankin hannu ba ya taɓa mita, in ban da buta ɗaya da ake ɗorawa a hunturu don maiƙon manja ya narke.

Akwai kuma abin da ba wanda ya gaya mini sai da na kai shi gida, wato ƙarfin ruwa. Yawancin injinan suna bukatar ruwa ya shigo da matsin aƙalla rabin "bar", wato ma'aunin ƙarfin ruwa, kuma sai tanki ya kai tsayin mita 10 kafin ya ba da "bar" ɗaya. Nawa tankin bai fi mita huɗu daga ƙasa ba, saboda haka injin ya riƙa tsayawa yana kuka yana nuna hoton famfo, har sai da na sayi injin tura ruwa, shi ma mai cin wuta. Yashin rijiyar burtsatse kuma yana toshe 'yar rariyar da ke bakin tiyonsa. Sabulunsa daban ne, ga gishirinsa na musamman, ga ruwan ƙyalli, galibi daga waje ake kawo su, farashinsu yana bin dala, kuma sai a manyan kantuna ake samu. Ranar da ya ƙare 'yata ta zuba masa omo da kyakkyawar niyya, kumfa ta biyo ta ƙarƙashin ƙofar har falo.

Ba zan hana shi haƙƙinsa ba: kofunan gilashi suna fitowa tas, zafinsa ya fi wanda hannu zai iya jurewa, kuma yana raba mace da kaushin hunturu. Wadda take da wuta tsayayya da ruwa mai ƙarfi, kuma abincin gidanta a tangaran ake ci, tana iya morarsa.

Idan duk da haka ran maigida ya kafe a kai, ku yi hattara da masu sayar da na hannu. Wanda ya sayar mini jona shi kawai ya yi a soket, fitilu suka kama, ya rantse cewa daga Landan yake kuma ba a taɓa amfani da shi ba. Da mai gyara ya kwance shi bayan wata huɗu, cikinsa duk farin dutsen ruwa ne ya daskare, abin fitar da ruwan ya kusa mutuwa, kuma aka zagaye gari ba a sami irinsa ba. Kamawar fitila ba shaida ba ce. Ku sa a haɗa masa ruwa ya yi wanki ɗaya cikakke a gabanku, ku taɓa farantin ku ji ko da zafi, ku duba robar ƙofa da ƙasansa ko yana yoyo. Ku karanta 'yar takardar da ke manne a gefen ƙofar, domin wutar gidajen Amurka mai ƙarfin volt 120 ce, tamu kuwa 230, kuma injin Amurka yana ƙonewa nan take idan aka jona shi babu tiransifoma. Ku karɓi rasit mai ɗauke da sharaɗin mayarwa, ku tambayi wanda yake gyara irinsa a nan Kaduna kafin ku biya, kuma kada ku tura wa kowa kuɗi a kan hoton da kuka gani a Facebook ko Instagram.

Tun da ginin bai ƙarasa ba, ki gaya wa fulamba ya raba wa bakunan sinkin bututu, na ɓangaren ɗauraya ya fita bayan kicin inda za ki yi shuka, na ɓangaren maiƙo ya bi magudana. Ki tabbata ya ba ki abin toshe kowane baki domin ki riƙa tara ruwa maimakon sakin famfo, ya kuma bar miki wuri kusa da taga inda kwandon kife kwanuka zai riƙa samun rana.