Sonic na 1991 bai tsufa ba, amma na'urar da na saya ta ci amanata

Ƙananan na'urorin nan na tsofaffin wasanni da suka cika shagunan kayan lantarki a Bauchi, waɗanda ake sokawa a bayan talabijin, masu zuwa da hannun gem biyu marasa waya da kwali mai alkawarin dubban wasanni, ɗaya daga cikinsu na saya, kuma duk wanda ya taɓa tayawa ya san kuɗinsu. Ba dubban wasannin ne suka ja ni ba, kuma da na duba jerin daga baya na tarar yawancinsu maimaici ne, wasa ɗaya da sunaye daban-daban. Abin da na je nema shi ne Sonic the Hedgehog na farko, wanda kamfanin Sega ya fitar a 1991 a kan na'urar Mega Drive, wadda mu da muka taso muna zuwa gidan gem muke kira Sega kawai. Kafin in biya na tambayi mai shagon ko na'urar tana ajiye wasa a inda mutum ya tsaya, ya ce mini, "Alhaji, wannan ai ko wuta aka ɗauke, inda ka tsaya nan za ka dawo." A kan wannan magana na ba shi kuɗina.

Wasan kansa ya ba ni mamaki ƙwarai, domin na yi tsammanin daɗin da nake tunawa da shi na ƙuruciya ne kawai, wanda zai watse da zarar na gan shi a babban allo. Sai ga shi tun daga muryar nan mai rera sunan Sega a farko, zuwa kiɗan Green Hill Zone da Masato Nakamura ya tsara, babu abin da ya dusashe. Sonic, bushiya mai launin shuɗi da jan takalmi, da maɓalli ɗaya tak ake sarrafa shi ban da na nuna hanya, domin A da B da C duk tsalle suke yi, amma abin da ake iya yi da wannan tsalle yana da yawa. Yuji Naka, wanda ya rubuta manhajar wasan, ya sa gudun ya kasance yana da nauyi na gaske: idan ka tunkari hanyar nan mai da'ira ba tare da ka ɗauko gudu daga nesa ba, za ka hau rabi ka zamo ka dawo, idan kuma ka danna ƙasa a kan gangara Sonic ya dunƙule, gangarar ce da kanta za ta ƙara maka sauri. Ko ka saki hannun ka bar shi a tsaye, sai ya juyo ya dube ka yana buga ƙafa a ƙasa, alamar kana ɓata masa lokaci. Duk wannan a cikin kaset ɗin da bai wuce rabin megabait ba, wanda hoto ɗaya na wayar yau ya fi shi girma.

Tsarin zobba shi ne abin da ya sa 'yata, wadda ta saba da wasannin waya na shafa allo, ta kama wasan da wuri. Muddin kana riƙe da zobe ko da ɗaya ne, bugun maƙiyi ba zai kashe ka ba, sai dai zobban su watse a ƙasa ka bi su da gudu kana tsinta kafin su ɓace. Zobe 100 yana ba ka ƙarin rai, zobe 50 kuma idan ka kai su ƙarshen zango sai wani ƙaton zobe ya bayyana, ka faɗa cikinsa ka shiga fage na musamman mai juyawa, inda ake neman duwatsu masu daraja da ake kira Chaos Emeralds. Guda shida ne a wannan wasa, kuma damar nemansu goma ce kawai, a zango na ɗaya da na biyu na yankuna biyar na farko. A ganina wannan tsari ya fi na wasanni da yawa na yau adalci, domin yana hukunta mai garaje ba tare da ya karya zuciyar mai koyo ba.

Wanda ya san Sonic da gudu kawai zai sha mamaki a Marble Zone, inda ake tura duwatsu a hankali a kan narkakken dutse mai wuta, amma inda wasan yake gwada haƙurin mutum na gaske shi ne Labyrinth Zone, yanki na huɗu. Yawancinsa a cikin ruwa yake, Sonic kuma bai iya iyo ba, tafiyarsa takan yi nauyi kamar ta mai ratsa taɓon fadama da damina. Numfashinsa kimanin daƙiƙa 30 ne, sai ya sami babban kumfa da ke fitowa daga ƙasa ya shaƙa, kuma kumfan ba a lokacin da kake so yake fitowa ba. Kana tsaye kana jira, ƙanana suna ta tasowa, sai kiɗan ya sauya zuwa wani mai tayar da hankali, lamba ta fara sauka daga 5 a saman kansa. Na ga yarinyar ta miƙe tsaye daga kan tabarma ba tare da ta sani ba, hannun gem ɗin a ƙirjinta, tana cewa, "Abba, kumfan ya ƙi fitowa!" Ƙarshen yankin ma ba faɗa ake yi da babban maƙiyin Sonic, Dakta Robotnik, ba, binsa ake yi sama ta wani siririn rami mai masu da wuta, ruwa yana tasowa a bayanka. A nan muka daɗe muna asarar rayuka, kuma a nan ne alkawarin mai shagon ya zama mai muhimmanci.

Ya kamata a sani cewa asalin wasan ba shi da ajiya ko kaɗan. An yi shi ne a zauna a gama a zama ɗaya, daga Green Hill har Final Zone, kuma idan rayuka suka ƙare babu damar ci gaba sai wadda mutum ya samo ta hanyar tara zobe 50 a fage na musamman. A ƙasar da wuta ba ta yankewa wannan ba matsala ba ce, amma a unguwarmu ba wanda zai yi maka alkawarin sa'a biyu a jere, shi ya sa ajiyar da na'urar take da ita a cikin jerin umarninta ta fi mini dubban wasannin daraja. Wata Asabar muka zauna da yarinyar muna karɓa-karɓa, ita tana yin zangunan gudu, ni ina yin na ruwa, kuma a ƙarshen kowane zango ina danna ajiya, na'urar tana nuna mini rubutu cewa ta ajiye. Muka tsallake Labyrinth, muka wuce Star Light Zone da kiɗansa mai sanyi, muka sami dutse na shida a damarmu ta ƙarshe, abin da ni kaina ban taɓa yi ba a zamanin gidan gem, inda kuɗin mutum yakan ƙare kafin ya je ko'ina. Muna cikin Scrap Brain Zone, zango na uku, wanda yake mayar da mutum cikin ruwa, wannan karon ruwa mai launin shunayya, aka kira Magariba. Na danna ajiya, na ga rubutun da idona, na kashe na tafi masallaci.

Da na dawo na kunna, gurbin ajiyar fanko ne. Na fita na sake shiga, na cire na'urar na mayar, na zaro ɗan katin mimorin da ke gefenta na hura na sake sakawa, babu komai, kamar ba a taɓa buga wasan a kanta ba. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta dai zauna shiru tana kallon allon farko inda Sonic yake kaɗa yatsa, sannan ta tambaye ni ko ita ce ta danna wani abu da ya goge. Wannan tambaya ta fi asarar wasan yi mini ciwo, domin yini guda ta yi tana taka-tsantsan da kowane zobe, kuma ba ta da laifi ko ɗaya. Da na gwada abin a natse washegari sai na gane yadda yake: muddin na'urar tana kunne, ajiyar tana aiki, kana iya komawa inda ka tsaya, amma da zarar wuta ta bar jikinta komai ya tafi, wato ba ta rubuta komai a kan katin. Ke nan tana ajiyewa a lokacin da ba a buƙata, tana mantawa a daidai lokacin da aka saye ta dominsa.

Na koma shagon da kwalin a hannuna. Mai shagon ya karɓe ni da fara'a, ya sa yaronsa ya jona ta a talabijin ɗinsu, ya ajiye, ya ɗauko, ya ce, "Alhaji, ga shi tana yi." Na ce ya cire ta daga wuta ya mayar. Da gurbin ya dawo fanko sai magana ta sauya, ya ce haka suke zuwa daga kamfani, kuma kayan da aka buɗe ba a mayarwa, amma zai iya sayar mini da wani katin mimori mai kyau wataƙila ya gyaru. Ban saya ba, domin mutumin da ya ba ni tabbaci da farko ba tare da ya gwada ba, ban ga dalilin da zan ƙara masa kuɗi a kan wataƙila ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne bai ko ba ni haƙuri ba, sai ma yake nuna mini cewa wasan yara ne bai kai a tayar da jijiyar wuya ba, alhali kuɗin da ya karɓa ba na yara ba ne.

Wani zai ce ai akwai sirrin zaɓen zango, kuma gaskiya ne: a allon farko ka danna sama, ƙasa, hagu, dama, ka ji ƙarar zobe, sannan ka riƙe A ka danna Start, jerin yankuna zai fito. Yana aiki a wannan na'ura ma, kuma da shi muka koma Scrap Brain muka kai Final Zone, inda babu zobe ko ɗaya, bugu ɗaya ya isa ya kashe ka. Amma sirrin ba ya dawo da duwatsun, don haka da muka ci Robotnik, abin da muka gani bayan sunayen waɗanda suka ƙirƙiri wasan shi ne shi yana wasa da duwatsun shida a hannunsa, da rubutun da ke cewa a sake gwadawa. Ƙarshen da muka yi wa aiki, wanda furanni suke tsirowa a Green Hill, ba mu gan shi ba.

Tun daga ranar kuma wasu abubuwa da na riƙa kawar da kai a kansu suka fara damuna. Hannayen marasa waya suna da ɗan jinkiri tsakanin dannawa da tsalle, wanda ba a lura da shi a fili mai faɗi, amma a kan ƙananan dandamalin Scrap Brain masu juyawa da ɓacewa shi ne bambancin rai da mutuwa, kuma jinkirin yana ƙaruwa idan batir ya fara sanyi, batir ɗin ma ba ya daɗewa. Hoton an miƙe shi ya cika allo, har zobban sun zama kamar an danne su. Kiɗan Star Light a wasu wurare yana ɗan shaƙewa, abin da ban taɓa ji ba a asalin na'urar. Da farko na ɗauki duk wannan a matsayin abin da arha take zuwa da shi, yanzu kuwa ina ganin kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Duk da haka ba zan iya cewa na'urar tana kwance ba amfani ba, domin Sonic 2 na 1992 yana ciki, kuma shi ya zama na yaran: babbar tana riƙe Sonic, ƙaninta yana riƙe Tails, ɗan dilan nan mai wutsiya biyu wanda ko ya faɗa rami yakan dawo ta sama yana juya wutsiyoyinsa, don haka babu rigima a kan wa ya jawo asarar rai. Sonic 3 na 1994 ne na sa wa rai a ƙarshe, tun da shi asalin kaset ɗinsa yana da gurabun ajiya shida na kansa, na ce ko wannan zai tsira. Na buga har na wuce Angel Island na shiga Hydrocity, na ga gurbi na farko ya nuna yankin da na kai, na kashe na kunna, gurabun shida duka suka dawo fanko.