Jamusanci daga tushe: manhaja, littafi ko aji, ina ya kamata kuɗinka ya tafi?

Kafin ka kashe ko sisi, ka san abin da ya kai ka ga Jamusanci. Mai neman bizar bin miji ko mata zuwa Jamus yawanci sai ya nuna takardar matakin A1, wato matakin farko na iya Jamusanci. Jarrabawar Goethe (cibiyar koyar da Jamusanci) ta wannan mataki tana gwada saurare, karatu, rubutu da magana, kuma da maki 60 cikin 100 ake haye ta. Wanda gaisuwa da ɗan ciniki kawai yake so, nasa lissafin daban.

Manhajar Duolingo kyauta ce, tana kuma sa mutum ya riƙa taɓa harshen kullum. Rauninta nahawu. Mu a Hausa jinsi biyu muka sani, su kuwa uku gare su: der, die, das, kuma ma'ana ba ta cika nuna maka wanne ba, don yarinya ma das Mädchen ce. Ga shi der yana komawa den idan aiki ya faɗa kan sunan, kamar Ich kaufe den Apfel (ina sayen tuffar). Manhajar za ta ce ka yi kuskure, amma da wuya ta zaunar da kai ta faɗa maka dalili. Babbel ta fi ta bayani, sai dai ta biya ce.

A cikin na kyauta, Nicos Weg na tashar DW, wadda muka saba jin sashenta na Hausa, shi na fi yarda da shi. Gajerun bidiyo ne na wani saurayi da ya sauka Jamus jakarsa ta ɓata, kowane darasi da atisaye da bayanin nahawu, daga A1 har B1, wato mataki na uku. Yana cin data, ka tanada.

Littafi kuwa, Menschen A1 na kamfanin Hueber da Netzwerk neu A1 na Klett duk nagari ne, amma don aji aka yi su, kusan komai da Jamusanci yake ciki. Ɗaya ya isa. Ka haɗa da littafin atisayensa, ka tabbatar za ka samu muryoyin sauraro. Na hannu da aka riga aka cike gurabensa, bar shi ko da arha.

Aji ya fi komai tsada, amma nan ne kaɗai za a gyara maka baki. Cibiyar Goethe tana Legas, Accra da Yaoundé. In malamin unguwa ka samu, nemi ganin takardarsa, ka zauna darasi guda kafin ka biya.

Mai ƙaramin ƙarfi da jarrabawa a gabansa, shawarata ya riƙe Nicos Weg da littafi ɗaya, ya adana kuɗin malami sai jarrabawa ta matso. Jerin kalmomin A1 na Goethe, wajen 650, kyauta ne a intanet. Duk sunan da ka kwafa a littafinka, rubuta shi da der, die ko das ɗinsa da kuma jam'insa.