Littafin tarihin rayuwar Hilary Mantel: ya ci kuɗinsa, amma ba na hira ba ne

Wanda ya san marubuciyar Ingila Hilary Mantel ta hanyar littafinta Wolf Hall, ya sayi tarihin rayuwarta, Giving Up the Ghost, don jin yadda ta rubuta labarin Thomas Cromwell, ministan Sarki Henry na Takwas, zai yi asarar kuɗinsa. Giving Up the Ghost ya fito a 2003, ita kuwa sai a 2009 ta ci kyautar adabi ta Booker da Wolf Hall, ta sake ci a 2012, mace ta farko da ta ɗauke ta sau biyu. Wannan na kafin suna ne.

Kwafin da na saya mai bangon takarda ne, mara nauyi, yana shiga jaka. Turancin ne dai sai da ƙamus a gefe.

Yarintarta a Hadfield, a arewacin Ingila, ta cinye kaso mai yawa. Saurayin mahaifiyarta, Jack Mantel, ya tare a gidan alhali uban na ciki; daga baya uban ya fita daga rayuwarta, ta ɗauki sunan Mantel. Tana shekara bakwai ta ga wani mugun abu a lambun gidansu, da a wajenmu ne sai a ce ta yi gamo. Nan ta ɗan ja zance har na ƙosa.

Inda littafin ya kama ni shi ne jinyar. Tana jami'a tana karatun lauya ciwo ya taso ta gaba, likitoci suka ce ƙwaƙwalwa ce, suka ɗura mata magungunan masu taɓin hankali. Sai a Botswana, inda mijinta ke aikin binciken duwatsu, ta buɗe littafin likitanci da kanta ta gano sunan cutar: endometiriyosis, wato nama irin na cikin mahaifa yana tsirowa a wajenta. Aka yi mata tiyata tana da shekara 27, haihuwa ta wuce ta ke nan, magani kuma ya kumbura mata jiki. Ba ta neman a tausaya mata. Da zolaya take ba da labarin, sai ka yi dariya sannan ka ji kunya.

Na so ta daɗe a kan shekaru huɗun da ta yi a Jidda, ba ta yi ba. Ta rasu a Satumban 2022 tana da shekara 70. Mace mai fama da ciwon mara ana ce mata raki ne, ita zan fara ara wa kwafina.