Pelican Rapids ko Perham: ina baƙo zai yada zango a Otter Tail?

Gundumar Otter Tail da ke yammacin jihar Minnesota a Amurka tana da tafkuna sama da 1,000, mutanenta kuwa ba su wuce 60,000 da ɗoriya ba a ƙidayar 2020. Mai neman aikin ƙarfi a can yakan duba garuruwa biyu.

Pelican Rapids gari ne na mutum kusan 2,500, kuma masana'antar yanka talotalo ce ke ci da shi. Ita ta jawo 'yan Meksiko, daga baya 'yan Bosniya da Somaliya suka biyo a shekarun 1990. Saboda haka Musulmi baƙo ba zai rasa abokin jam'i ko naman halal ba. Aikin fa da wuya: tsayuwa wuni guda cikin ɗaki mai sanyi, wuƙa a hannu. Tsakiyar garin akwai ƙaton gunkin kwasakwasa da aka kafa a 1957, gandun dajin shaƙatawa na Maplewood kuma na nan kusa.

Perham ta ɗan fi girma, ba ta kuma rataya a kan sana'a ɗaya ba. Ana yin abincin karnuka, soyayyen dankali da cuku, ga layin dogo da babbar hanya mai lamba 10. Lokacin zafi har tseren kunkuru ake shirya wa 'yan yawon buɗe ido.

Ni dai da iyali, Pelican Rapids zan nufa saboda jama'a. Hunturun kam ɗaya ne: tafki yakan daskare har mota ta hau kansa a je kamun kifi.