VisualPDE: gwani wajen nuna zanen Turing, amma ba alƙalin ɗorewarsa ba

Shafin VisualPDE, mai warware lissafin yadda abubuwa ke yaɗuwa a fili ya nuna sakamakon a allo, kyauta ne, ba ya buƙatar saukar da komai, a burauza yake aiki, har a waya. Ka zaɓi tsarin Gray-Scott, lissafin sinadarai biyu masu haɗuwa suna yaɗuwa, ka shafa yatsa a allo, nan take ɗige-ɗige da layuka irin waɗanda Alan Turing ya yi hasashe a 1952 su fara tsirowa. Akwai kuma tsarin Klausmeier na 1999, wanda ke kwatanta yadda ciyayi ke jeruwa layi-layi a busasshiyar ƙasa, kamar dajin nan mai zanen damisa da ke kewayen Yamai. Wajen koyarwa, da wuya a samu kamarsa.

Matsalar tana farawa ne idan tambayarka ita ce: wannan zanen zai ɗore? Shafin yana tafiya ne taki-taki cikin lokaci. Da hanyar Euler, hanya mafi sauƙi ta yin wannan takin, a fili mai tsawo da faɗi, dole takin lokaci kada ya wuce dx²/4D, inda dx ke nufin tazarar ɗigogin lissafi, D kuma ma'aunin yaɗuwa. Ka raba dx biyu don hoto ya fito tas, sai ka raba takin lokaci huɗu. In ka manta, lissafin zai tarwatse, kuma laifin na'ura ne, ba na zanen ba.

Tarkon da ya fi wannan shi ne girman fili. Idan gefunan filin suna haɗuwa da juna, layuka 5 ko 6 ne za su shiga, babu 5 da rabi. Rashin ɗorewa na Eckhaus kuwa, wanda ke sa zane ya ƙara ko ya rage yawan layukansa, yana zuwa ne ta doguwar girgiza da ta ratsa layuka da yawa, don haka ƙaramin fili yana ɓoye shi. Kusa da inda zane ke fara bayyana, kashi 58 cikin 100 ne kawai na zangon tazarar da ke yiwuwa yake ɗorewa. Ka ninka filin sau 4, ka zuba 'yar hargitsi, ka jira, domin girgizar tana girma a hankali ƙwarai. Layukan da tazararsu ta yi yawa kuma sukan karkace su yi zigizag, wanda ba za ka taɓa gani ba a lissafin fili mai tsawo kawai, marar faɗi.

Mai son zana iyakar ɗorewa gaba ɗaya, wato balan-balan ɗin Busse, ya nufi manhajojin lissafi AUTO-07p ko pde2path, ya bar VisualPDE don lalubo inda zai fara.