Idan Basira Ta Toshe: Abin da Mai Tsara Shafin Intanet Zai Saya da Wanda Zai Bari

Duk wanda ya daɗe yana tsara shafukan intanet ya san irin ranar da zai zauna gaban kwamfuta tun bayan sallar asuba har rana ta take, amma ko layi ɗaya mai gamsarwa bai fitar ba. A Jidda nake wannan sana'a, kuma yawancin masu ba ni aiki 'yan uwanmu Hausawa ne, masu shirya tafiyar Umra da masu sayar da dabino da turare da abaya, waɗanda ke son shafinsu ya fito da Larabci da Hausa a lokaci guda. A irin wannan rana hannu kan yi saurin kaiwa ga katin banki, don haka ya dace mutum ya san ciwon da kowane kaya ke warkarwa kafin ya biya.

Abin da aka fi rugawa a saya shi ne shiryayyen tsari, wato shafin da wani ya riga ya zana, kai kuma ka zuba masa hotuna da rubutu. A kasuwar ThemeForest ana biya sau ɗaya, amma lasisin da aka saba saye na aiki ɗaya ne kawai, yayin da kasuwar Envato Elements ke karɓar kuɗin rajista na wata ko na shekara ta bar ka ka sauke da yawa. Wanda ke da ayyuka a jere zai fi cin ribar na biyun. Sai dai shiryayyen tsari maganin ƙurewar lokaci ne, ba ya buɗe basira, kuma a nan ƙasar yana da tarko biyu. Na taɓa sayen wani don aikin wani dattijo mai dabino a Madina, da na juya shi zuwa Larabci, wanda ake karantawa daga dama zuwa hagu, sai maɓallan suka hau kan juna, kibiyoyin suka ci gaba da nuna inda ba shi ba. Da na zuba Hausa kuwa, kowane ƙ da ɗ da ɓ ya fito da wata siffa daban da ta sauran haruffan. Dattijon ya duba wayarsa ya ce, "Ɗana, wannan rubutun kamar an yi masa faci." Tun daga ranar ba na biyan ko riyal ɗaya sai na ga shafin gwaji na Larabci da idona, na kuma gwada kalma irin "ƙwaƙwalwa" a salon harafin. Salo irin Noto Sans yana ɗauke da haruffanmu masu lanƙwasa, Cairo da Tajawal kuma suna kyau da Larabci, dukkansu kyauta ne a Google Fonts.

Idan kantin intanet ne kawai ake so, manhajar Salla, wadda aka kafa a Makka a 2016, ta fi sauƙi, domin tun asali da Larabci aka gina tsarukanta. A tuna da harajin saye (VAT) na kashi 15 cikin 100 da ake biya a Saudiyya wajen yin lissafi.

Wani lokacin kuma ba lokaci ne ya ƙure ba, ido ne ya gaji da ganin abu iri ɗaya. A nan ba na ba da shawarar a biya komai da farko, tunda ana iya kallon ayyukan gwanaye a Behance da Dribbble da Awwwards ba tare da kuɗi ba, Figma ma, manhajar da ake zana shafi da ita, tana da matakin kyauta. Illar waɗannan wurare ita ce mutum yakan shafe sa'a uku yana kallo, ya tashi da ƙarin karaya. Na kan ɗauki misali biyar kacal in rufe.

Allon zane irin na Wacom ko iPad yana da amfani ga wanda dama yake zana hoto da hannu, amma ga mai tsara shafi da basirarsa ta tsaya, tsadarsa ta fi amfaninsa. Ƙaramin littafi da fensir daga kantin littattafai na Jarir sun fi yi mini aiki, saboda a takarda mutum ba ya jin kunyar ɓata zane goma kafin na sha ɗaya ya yi kyau.

Da wannan littafin nake shiga Balad, tsohuwar Jidda da hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, bayan la'asar idan zafi ya ragu. Tagogin katakon nan da ake kira rawashin an sassaƙa su ne gida-gida, manya a tsakiya, ƙanana a gefe, kuma duk yawan adonsu ido ba ya ruɗewa. Na tsaya gaban wata na kwafi yadda aka raba ta, washegari na jera nau'o'in dabinon dattijon a kan wannan rabon, ajwa a babban gida na tsakiya, sukari da safawi a gefe. Da na aika masa, abin da ya tambaya kawai shi ne ko za a iya ƙara girman lambar wayarsa.