Sikana mai USB ko mai Wi-Fi?

Mutane sun yi ta tambaya wai wace sikana (na'urar ɗaukar hoton takarda zuwa kwamfuta) za su saya, mai kebul ɗin USB ko mai Wi-Fi, to bari in faɗi abin da na sani.

Wajen kuɗi dai mai USB kaɗai ta fi araha, wasu ƙananan ma irin Canon LiDE daga kebul ɗin suke shan wuta. Sauri kuma USB 2.0 yana kai megabit 480 a daƙiƙa, in kana sikanin hotuna masu nauyi ba ta yankewa, Wi-Fi kuwa sai yadda sigina ta kama.

Amma inda ake shan wahala shi ne direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane sikana. Mai USB galibi sai ka saka direbanta, nau'in da ake kira TWAIN ko WIA a Windows, ranar da kamfanin ya daina sabunta shi kuma ka sauya kwamfuta shi kenan, sikana lafiyarta ƙalau amma kwamfuta ba ta ganinta, abin takaici wallahi. Sababbin laftof da yawa ma USB-C kawai gare su sai ka nemi adafta. Masu Wi-Fi da ke da eSCL, wato tsarin da ke haɗa sikana da kwamfuta kai tsaye, ba sa buƙatar direba, waya ma tana iya amfani da su, sai dai dole sikana da wayar ko kwamfutar su kasance kan rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, kuma da yawansu Wi-Fi mai zangon 2.4GHz kawai suke kamawa, a duba wannan kafin a biya kuɗi.

In kai kaɗai ne da kwamfuta ɗaya kuma aikin hotuna kake, ɗauki mai USB. Ofis ko gida mai mutane da yawa da wayoyi, mai Wi-Fi za ta fi muku.